Hasashe Bakwai da Saƙon Yalwa

Guangzhou,
21 ga Afrilu, 2008.

Zuwa ga Saifullahi,

Bayan sallama, ina fata kana lafiya, kai da mahaifiyarka da sauran mutanen gida. Ni ma da sauƙi. Gwiwa ce ke damuna idan ruwa ya sauka, kuma a garin nan ya riga ya sauka, bangon ɗakina har gumi yake yi.

Takardarka ta iso ni ta hannun Alhaji Tankari mai sarin jakunkuna. Na daɗe ina juya ta kafin in gane ko kai wane ne. Kakarka Balkissa da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne. Da nisa, amma tun da ka kira ni Kawu na amsa. Shekarata bakwai a garin nan, kai ne na farko a dangi da ya ɗauki biro saboda ni, kuma ban yi mamaki ba da na ga buƙata ce ta kawo ka. Ba laifi. Babu mai zuwa rijiya don ya gaishe ta.

Maganar takardar gayyata don ka zo sarin waya, ka cire rai a bana. Saboda wasannin Olamfik da za a yi a Beijing cikin Agusta an matse biza. An buɗe baje koli a Pazhou satin da ya wuce, na je na tsaya a bakin ƙofa ko zan sami Bahaushen da ke neman tafinta, na wuni ban samu ba. Ko da ma biza a sake take, ba ni da kamfanin da zai gayyace ka. Bizata ma ta mutu tun bara. Duk wanda ya ce maka ni babban ejan ne a nan, ya taimake ni da ƙarya. Tsoho ne mai digiri a ƙididdiga, wanda ya yi shekara goma sha shida a ma'aikatar gwamnati, yau yake riƙe wa waɗanda ba su gama firamare ba jaka a kasuwannin Liwan yana ce wa masu shago "lawban, a rage mana."

To ga tawa buƙatar. Ina da yaya guda, Maijidda, a Yalwa, bayan Kura. Ita ta sayar da tumatir da albasa daga lambun mahaifinmu har na gama makaranta. Lokacin da aka sallame mu daga aiki na kai mata wata takarda na ce ta neman taki ce, ta dangwala yatsa. Alhali takardar sayar da lambun ce. Da kuɗin na fito fatauci, Dubai ta ci rabi, nan ta ci sauran. Shekara goma sha huɗu ke nan ba ta ji muryata ba, ni ma ban ji tata ba. Ba ta da waya, ba ta karatun boko. A cikin ambulan ɗin nan akwai ƙarama a liƙe. Ka kai mata, ka karanta mata, ka rubuto min abin da ta ce. Neman gafara ne. Ta haura saba'in, ni kuwa ba ni da hanyar fita ƙasar nan cikin mutunci.

Ka ce kai malamin lissafi ne a makarantar kuɗi. Bari in nuna maka kan bai mutu ba. Na buga tanis a sakandare a Zariya, har na riƙe kofi. A ƙasan benenmu akwai wani tsoho, Lao Chen, mai shagon shayi da talabijin, kullum da yamma muna kallon wasan maza tare, ba ya jin yarena, nasa kuma na ciniki kawai na iya. A bayan takardar nan na rubuta wasanni bakwai da za a buga gobe da jibi a filin jar ƙasa a Turai, da wanda zai ci kowanne. Kafin ta iso ka an gama su. Ka duba kwanan wata, ka shiga shagon intanet ka gani.

Kawunka,
Abdulbaƙi Yalwa.

*

Kano,
12 ga Mayu, 2008.

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya ƙalau, Umma tana gaishe ka, ta ce ta tuna ka, kai ne mai zuwa biki da farin takalmi. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ka gwada man zafi.

Kawu, shida a cikin bakwai. Na duba sau biyu. Na bakwan ma ba faɗuwa ya yi ba, ciwo ya ji ya fita. Mai shagon da na shiga a Sabon Gari ya ga ina ta haɗa takardarka da allon kwamfuta, ya karɓa ya duba, ya tambaye ni ko kai ma'aikacin wasan ne. Yana da ƙane a Landan da ke zuba musu kuɗi a kan ƙwallon ƙafa, ya ce ana yi a kan tanis ma, kuma 'yan wasan da ka zaɓa ba sanannu ba ne, don haka abin da ake biya a kansu ya fi yawa.

Ni na san abin da za ka ce. Amma Kawu, wanda ya zuba da ka shi ne ɗan caca. Wannan lissafi ne. Albashina ba ya kai ni ashirin ga wata. Idan za ka riƙa turo min sunayen ta saƙon waya kwana ɗaya kafin wasa, ka taimaki ɗanka. Ga lambata a ƙasa.

Maganar Inna Maijidda tana raina. Yara suna shirin jarrabawa, da an gama zan shiga mota in je. Ambulan ɗin yana cikin akwatina, ban buɗe ba.

Ɗanka,
Saifullahi.

*

Guangzhou,
3 ga Yuni, 2008.

Saifullahi,

Ina gaishe ka, ina gaida mahaifiyarka. Ka ce mata farin takalmin ya daɗe da mutuwa, mai shi ne ya ƙi. Gwiwa tana nan yadda take.

Caca ce. Kada ka shafa mata hoda. Na faɗa maka sau ɗaya don in sauke nauyi, kuma ka ga ban fasa turo maka ba, sati biyu ke nan. Ni ma ba tsarkakakke ba ne. Akwai mutum huɗu da ke zama a ƙuryar shagon Lao Chen, ba shayi ne ke kawo su ba. Idan na shigo sukan miƙo min jarida in sa alama, su kuma su aika a kawo min taliya daga wurin Musulmin da ke kan kwana. Suna ce min lawshi, wato malam. Rabon da a kira ni malam tun ina da tebur da fanka a ofis. Kwano ɗaya na taliya ne farashin digirina yanzu, kuma ya fi abin da gwamnati ta taya.

Ka tambaya a waya yadda nake yi. Ba na kallon lambar da aka ba ɗan wasa a jerin duniya, wannan ta masu karanta jarida ce. Ina da littafi. Ina rubuta wanda ya yi awa huɗu a fili shekaranjiya, da wanda ya sauko daga jirgi daga wata nahiya, da wanda ya ɗaure cinya. A jar ƙasa ƙwallo tana jinkiri, mai haƙuri ke ci. Nan gaba kaɗan za su koma kan ciyawa, can kuma dogo mai ƙarfin sabis ne sarki. Sabis shi ne bugun da ake buɗe wasa da shi, kuma dama biyu ake ba mutum. Na farko kowa jarumi ne. A na biyu, lokacin da ya san in ya kuskure ya yi asara, nan nake kallonsa. Wani yakan buga kamar yadda ya saba. Wani yakan lallaɓa ta kamar mai miƙa ƙwai. Wanda kuma yake waiwayen kocinsa bayan kowace ƙwallo, ko da shi ke gaba, ka sa a ranka ya faɗi.

Ban taɓa bayyana wa kowa wannan ba, don babu wanda ya taɓa tambaya. Jiya na kama kaina ina duba waya sau goma ko ka turo saƙo. Abin ya ba ni haushi.

Jarrabawar taku ba ta ƙare ba? A zamaninmu sati biyu ake yi. Yalwa awa ɗaya da rabi ce daga tasha, in ka fita da safe ka dawo kafin la'asar. Idan ka isa ka tambayi gidan Maijidda mai albasa, kowa ya sani. Ka tafi mata da sukari da ganyen shayi. Kada ka ce daga gare ni ne sai ta karɓa.

Alhaji Tankari zai tashi jibi, kuma ya ce ba ya jin za su sake ba shi biza kafin a gama wasannin.

Kawunka,
Abdulbaƙi.

*

Kano,
29 ga Yuni, 2008.

Kawu,

Da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya. Wannan a gaggauce nake rubuta ta, wani ɗan Kantin Kwari ne zai taso gobe.

Maganarka ta ciyawa gaskiya ce. Satin nan tara muka samu a cikin goma sha ɗaya. Na sayi babur, na hannu ne amma lafiyayye, na huta da rigimar 'yan acaɓa. Mai shagon ya ce in tambaye ka ko za ka riƙa ƙara mana da yawan zagayen da za a yi, don an fi biya a nan.

Yalwa kuwa, an ce ruwa ya cinye hanya bayan Kura. Ina jira ta ɗan bushe. Kada ka damu.

Saifullahi.

*

Guangzhou,
20 ga Yuli, 2008.

Saifullahi,

Ina fata kuna lafiya. Ni tari ne ya kama ni, amma ya fara sauka.

Layi goma ka rubuto min, bakwai na tanis ne, biyu na babur. Mutumin da ya sayi babur yana ba ni labarin hanya.

Bari in gaya maka yadda nake, tun da ba ka tambaya ba. Unguwarmu ta zama kufai. Ana tsayar da baƙar fata a gadar sama a nemi fasfo, ana bin benaye hawa-hawa. Masu masauki suna ganinka za su ce meyo, babu ɗaki. Wurin da muke cin tuwo a hawa na tara ya rufe, mai tuwon ta koma Yamai. Juma'a uku ban je masallaci ba, don hanyar ta bi ta inda 'yan sanda suke tsayawa. Daga ɗakina sai shagon Lao Chen, ta lungun baya inda ake zubar da kwali. An rataye fitilu da tutoci a ko'ina, gari yana murna. Na lissafa, kwana goma sha ɗaya ban yi Hausa da kowa ba sai da kaina. Ranar Talata na yi wa Lao Chen bayanin lambunmu tun daga rijiya har bishiyar gwaiba, da Hausa, yana gyaɗa kai yana ƙara min ruwan zafi.

Na san yadda ake ciniki, a nan na tsufa. Kana da abin da nake so, ina da abin da kake so. Daga yau na rufe littafi. Za a fara tanis na Olamfik ranar goma ga Agusta, kuma na riga na san waɗanda zafin Beijing zai kayar, don na ga yadda suke numfashi. Ba za ka ji suna ko ɗaya ba sai ka je Yalwa ka rubuto min abin da yayata ta ce, da bakinta, kalma bayan kalma. Ko zagi ne ka rubuto shi yadda yake.

Babu mai tasowa, don haka na ba Isufu mai ofishin kago ya sa ta a kwalin da zai bi jirgi. Ofishinsa yana da faks, ga lambar.

Abdulbaƙi.

*

Kano,
5 ga Agusta, 2008.
(Ta faks, a ba Malam Abdulbaƙi)

Kawu,

Ina gaishe ka, Allah ya raba ka da tarin nan. Albishirinka.

Na je Yalwa ranar Asabar. Na sami Inna Maijidda lafiya, tana zaune a tsakar gida. Na ba ta sukari da ganyen shayi ta yi ta sa albarka. Da na karanta mata takardarka sai ta fashe da kuka. Ga abin da ta ce, yadda ka nema:

"Ka gaya wa Abdulbaƙi na yafe masa duniya da lahira. Lambu ƙasa ce, ɗan'uwa kuwa ba a sayensa. Abdulbaƙi ƙanena ne, ba ni da kamarsa. Allah ya dawo min da shi lafiya."

Ta dama min fura kafin in taso. Ka ga hankalinka sai ya kwanta.

Saura kwana biyar a fara. Wayata a buɗe take.

Ɗanka,
Saifullahi.

*

Guangzhou,
13 ga Agusta, 2008.

Saifullahi,

Lafiyata ƙalau. Ina fata mahaifiyarka tana lafiya.

A tsaye na karanta faks ɗinka a ofishin Isufu. Da na fito ban bi lungu ba. Na bi babban titi, na hau gadar sama, na wuce ta gaban 'yan sanda biyu ina kallon idonsu, ba su ce min komai ba. Na tafi da ƙafa har bakin kogi da wannan gwiwar. Na sayi lemo kilo guda na kai wa Lao Chen, ya yi ta tambayata da hannu ko haihuwa aka yi min. Kwana shida na yi a haka. Na turo maka wasannin ranar farko da ta biyu, ka ga yadda suka fita.

Shekaranjiya bayan azahar na ɗauko takardar na ce bari in karanta da ƙarfi, da irin muryar Maijidda, in ji yadda za ta fito. Na fara, "Ka gaya wa," sai bakina ya tsaya.

Mahaifinmu ya rasu ina cikin ciki. Da aka haife ni aka mayar min da sunansa. Maijidda tana da shekara tara a lokacin. Tun daga ranar har na bar ƙasar ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ko wani Abdulbaƙin ne daban ya zo sayen albasa, "mai sunan Baba" take ce masa. Ni Babayo take kira na. Ranar da ta gane abin da na yi da lambun, ta tsaya a ƙofar gida ta zage ni har maƙwabta suka fito, kuma a cikin zagin nan duka ba ta kama sunan ba. Kai kuwa ka sa ta faɗe shi sau biyu a layi huɗu.

Ba ka je ba. Da ka taka garin, yaron farko da ka tambaya zai ce maka yayar Babayo kake nema. Sunan da ke ƙasan takarduna ka ɗauka ka sa mata a baki.

Ba kai nake jin haushi ba kamar kaina. Ni da nake hango ɗaurin cinya ta cikin wando a talabijin, kwana shida ina yawo da wannan a aljihu ban gani ba, don ina so. Kuma ba ni da bakin tsine maka. Na kai wa mai yarda da ni takarda na karanta mata abin da babu a ciki, don ina da buƙata. Kai ma ka yi min haka. Ashe abin a dangi yake, ta wajen uwa.

Na kashe wayar, na cire layin. Ƙaramin ambulan ɗin ka ƙone shi, kada ka buɗe. Ba sai ka sake rubutowa ba.

Abdulbaƙi.

*

Kano,
4 ga Oktoba, 2008.

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, in wannan ta same ka. Ban san ko kana lafiya ba, ban ma san ko kana inda na san ka ba. Alhaji Tankari ya sami biza, ya yi min alkawarin zai neme ka da kansa.

Takardarka ta goma sha uku ga Agusta sai ranar ashirin da biyar ga azumi ta zo hannuna. Kwalin ya kwana a Legas sati shida. Duk tsawon lokacin nan ban san dalilin shirunka ba. Na kira ya fi sau ɗari. Na buga wa Isufu ya ce tun ranar da ka kawo saƙo bai sake ganin tsoho ba. Na ɗauka kama ka aka yi, ko tarin ne ya yi ƙarfi. Da farko, ba zan ɓoye ba, wasannin nake tunani. Na ci gaba da zubawa da nawa lissafin, babur ya tafi. Daga baya abin da ya hana ni sukuni shi ne ko ka mutu kana ganin an yafe maka, alhali ni na ƙaga a shagon faks. Da takardar ta zo na ga ka gane, wallahi sai na ji sanyi kafin kunya ta zo.

Ban ƙone ambulan ɗin ba. Washegarin Sallah na je Yalwa. Hanya lafiya lau take.

Idon Inna Maijidda ya tafi, sai dai haske da duhu. Na same ta a rumfa tana ware irin albasa da yatsu. Na yi sallama na durƙusa.

Ta ce, "Wane ne?"

Na ce, "Jikan Balkissa ne, daga birni."

"Balkissa mai rowar daddawa? Tana nan?"

Na ce ta rasu shekara shida.

"Allah ya ji ƙanta. Ta tafi da daddawarta."

Na ba ta sukari da ganyen shayi, ta shafa ta ce wa ya aiko ni, don jikokin Balkissa ba sa kyauta haka kawai. Na ce saƙo ne daga ƙanenta da ke Chaina. Sai ta miƙo hannu na sa mata ambulan ɗin. Ta auna kaurinsa, ta bi bakinsa da yatsa ta ji a liƙe yake. Na ce bari in karanta mata.

Ta ce, "A'a. Ta farkon ma karanta min aka yi."

Ta ɗaga tabarma ta sa a ƙasa ta zauna a kai. Ta tambaya ko kana da mata, na ce ban ji ba. Ta ce wa ke yi maka tuwo, na ce taliya kake ci. Ta ce wace sana'a kake yi. Na rasa ƙaryar da zan yi, kuma na gaji da yi, sai na gaya mata: Turawa suna buga ƙwallo da faranti mai raga, kai kuma kana faɗin wanda zai ci tun kafin a fara, mu muna zuba kuɗi.

Ta ce, "Duba ya koma? Shekara goma sha biyu ina ɗaukar tumatir a ka zuwa Kura, ashe boka nake yi wa karatu."

Matan gidan suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Na gaya mata abin da na yi maka, da yadda ka kama ni. Nan ne ta juya fuska wajen bango, ta daɗe. Da zan tafi ta riƙe min hannun riga ta ce in rubuta wannan, kuma in maimaita mata sau biyu don ta ji ban ƙara gishiri ba:

"Ka ce wa Babayo ban yafe ba, ban kuma ƙi ba. Bakin da ya yi min ƙarya shi nake so ya zo ya zauna a nan ya faɗi abin da ya yi. Ba a aiko min da shi a takarda. In zai zo ya yi sauri, don bana ban iya azumi ba."

Ba ta ba ni fura ba. Ruwa ta sa aka kawo min.

Ba na neman sunan wani ɗan wasa. Ka yafe min in ka iya.

Saifullahi.

*

Guangzhou,
19 ga Oktoba, 2008.

Saifullahi,

Ina gaishe ka, ina gaida mahaifiyarka. Ina nan da rai. Tari ya tafi, gwiwa ta ƙi.

Alhaji Tankari ya same ni a shagon Lao Chen ranar Alhamis, ko masauki bai nema ba. Na karanta takardarka sau ɗaya. Wannan muryar Maijidda ce, ba sai na gwada da bakina ba.

Na yafe maka. Kada ka mayar da abin dogon zance.

Ga yadda ake fita ga irina. Mutum ya kai kansa ofishin shige da fice ya ce ga ni, na wuce wa'adi. Za su karɓi fasfo, su ci tara, su tsare shi har sai an kawo tikiti. Wani sati biyu, wani wata biyu, na san wanda ya fi haka. Kuma ba a dawowa. Shekara ɗaya da rabi ina lissafin wannan ƙofar ina fasawa, ina ce wa kaina sai na tara abin da zan shiga Kano da shi kamar mutum. Alhaji Tankari ya ce zai ɗauki tara da tikiti, sadaka ce, kada in yi masa godiya. Mutumin da na koya wa yadda ake ƙirga dozin a kasuwar jakunkuna ta Shiling. Na haɗiye na ce na gode.

Jiya na yi sallama da Lao Chen. Na nuna masa jirgi da hannu. Ya shiga ciki ya fito da ƙullin ganyen shayi, ya yi magana mai tsawo, ban ji ko rabi ba. Mutanen ƙurya suka miƙo jarida, akwai wasa a Turai da yamma. Na san wanda zai ci, wani bahago ne da ya huta kwana uku. Na mayar musu ba alama. Ɗayansu ya bi ni har ƙofa yana lawshi, lawshi.

Kayana jaka ɗaya ce. Gobe Litinin da ƙarfe tara Alhaji zai raka ni bakin ofishin, daga nan ni kaɗai ne. Ba a barin mutum da waya a ciki, don haka in ka ji shiru kada ka nemi dalili.

Abu ɗaya ya rage a kanka, kuma ba ni da abin da zan biya ka da shi. Ka koma Yalwa ranar Asabar. Kada ka riƙe takarda a hannu. Ka durƙusa ka ce mata Babayo ya taso, amma hanyar tana da tsawo, ta ci abinci.

Kawunka,
Babayo.